Taƙi Guda Daga Rigar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a irin gidajenmu na Zongon Kwatano ɗan fari ba ɗan lele ba ne. Kunyarsa ake ji. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. Ina ƙarami "kai yaro" ne, da na girma na buɗe shagon ɗinki a bakin layinmu sai na koma "mai keke". In zai ba ni saƙo, carbinsa yake duba ya faɗa, ni kuwa ina tsugune gabansa, kai a ƙasa, ina ta "to Baba, to Baba." Ban taɓa tsayawa kusa da shi ba. In ya taho na durƙusa, in yana zaune na zube tun daga nesa, a masallaci kuwa yana sahun gaba cikin dattawa, ni ina can bakin ƙofa wajen takalma. Abin da na fi sani a jikin mahaifina shi ne ƙafafunsa da gindin rigarsa.

Baba dillalin shanu ne, kuma mai masaukin fataken da ke gangarowa da dabbobi daga arewa. Dogo ne na gaske. A kasuwar shanu ba a tambayar inda yake, hularsa ake hangowa saman ƙahoni. Ni na ɗauko wannan tsawon, kowa ya faɗa, har tsofaffin unguwa kan gaishe ni daga baya da sunansa kafin in waiwayo su ga kuskurensu. In gaya muku gaskiya, ina jin daɗin kuskuren nan. Ƙanena kuwa, autan Inna, dangin Inna ya biyo, gajere ne dunƙulalle, iyakarsa kafaɗata.

Akwai wata riga da Baba yake da ita, saƙi ce baƙa mai ɗigon fari, da aikin aska a ƙirji, da jan shafi a gindinta wanda ke leƙowa in ya ɗaga ƙafa. Kakanmu ne ya zo da ita daga arewa. Ba ta fita sai ranar Sallah ko in za a ɗaura auren ɗan babban gida. Ni ke wanke ta, ni ke kai ta a buga, ni ke naɗe ta in zuba mata kanumfari saboda danshin garin nan da ke cin tufa. Ba wanda ya taɓa ce mini tawa ce. Amma wa za ta shiga in ba ni ba? Sau ɗaya na taɓa zura ta a ɗaki, na rufe ƙofa, ta sauka daidai idon sawuna kamar don ni aka saƙa. Tun ranar na sa a raina cewa Baba ba zai kira sunana ba, amma wannan rigar ita ce maganar da zai yi mini wata rana.

Sai ƙasa ta juya. Aka yi babban taron nan na ƙasa da ya sauya salon mulki, aka ce yanzu kowa na iya buɗe baki, jam'iyyu suka yi ta tsirowa, kowane layi da tasa. Mu teloli kakarmu ta yanke saƙa, don kowane ɗan takara yana son a ɗinka wa magoya bayansa atamfa mai ɗauke da fuskarsa. Na yanka fuskokin manya da almakashi har na daina jin komai. A cikin wannan hayaniyar ne autanmu ya dawo daga Legas, inda ya yi 'yan shekaru a shagon kayan mota na wani abokin Baba. Ya dawo da jaka ɗaya, da takalmi mai ƙara, da Turancin Ingilishi cike da baki.

Mu nan Faransanci muka sani, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, da wanda ya tsince shi a tasha. Ingilishi na 'yan ƙetaren iyaka ne. To sai ga namu ya zo da shi har cikin gida, kuma bai iya ajiye shi ba. Akwai wata kalma da ta zauna masa a baki, wai ridiyus. Ya hau zemijan, ɗan babur ɗin ya ɗiba da gudu, sai ka ji "ridiyus, ridiyus!" Inna ta ƙure rediyo, ridiyus. Mai tumatir ta faɗi kuɗi, ridiyus. Na ce masa, "Kai, da can da kake cewa a rage, bakinka ciwo yake?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai tasu ta fi tamu faɗi."

Baba ne ya ɗaure masa gindi. Bayan la'asar Baba kan zauna a benci ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, sai auta ya zo ya zauna. A bencin fa! Gefensa, cinya na taɓa cinya. Shagona yana kallon rumfar, babu abin da ke wuce ni. Baba zai ce, "To Bature, yau kuma me kalmar taka ta haifa?" Shi kuwa sai ya gyara zama.

Ya ce in mai girki ta bar romo a wuta ruwan ya tsotse ya yi kauri, a Ingilishi ridiyus ta yi. Ya ce hoton da ake maida shi ƙarami a manna a katin zaɓe, ridiyus ne. Gwamnati ta sallami ma'aikata daga biro, wato ofis, ridiyus. Yaron lakwal ya ɗauki biyu cikin huɗu ya maida shi rabi, ridiyus. Wata rana har ya ba da labarin wani makanike da kafaɗarsa ta goce a Legas, likita ya ja hannun ya maida ƙashin gurbinsa, wai shi ma haka suke kiransa. Baba ya ce, "A'a, wannan kam ƙarya kake. Me aka rage a nan? Ai gyara aka yi." Auta ya rantse. Baba ya yi dariya har da tari, ya kai hannu ya dafa ƙeyarsa.

Wannan dafa ƙeyar ita ta tsaya mini a wuya. Ina taka keke ina jin su, na karya allura ban san adadi ba. Ni da na zauna, ban je ko'ina ba, ni ke biyan wutar gida, ni ke tashi in fatake sun iso in nemo musu tabarmi, ban taɓa sa Baba dariya ba. Wani ya je ya sayar da fulogi ya dawo da kalma ɗaya, an ba shi benci. Matata ta lura. Ta ce, "Wallahi kishi kake da yaron nan." Na ce, "Kishin me? Da wannan guntun?" Ta ce, "To sassauta wa keken, ba shi ya yi maka ba." Kishi nake yi mana. Har tuwo ba ya mini daɗi in na ji dariyarsu.

Ana haka sai labari ya zo cewa wani ɗan takara zai shigo Zongo ya gaida dattawa, kuma samarin unguwa sun zaɓi auta ya yi magana da yawunsu, tunda bakinsa ba ya ciwo. Ni aka kawo wa ɗinkin atamfar. Na karɓa, aiki ne.

Kwana kaɗan kafin ranar, da hantsi, sai ga auta ya shigo shago da ƙunshi a hammata. Tun kafin ya kwance na ji ƙanshin kanumfari. Ya shimfiɗa rigar a kan teburina, ya ce, "Yaya, Baba ya ce a rage mata tsawo."

Na ce, "A rage wa wa?"

Ya ce, "Ya ce ka auna da ni."

Na dube shi. Ya kau da kai yana kallon fuskokin ɗan takara da ke rataye a igiya. Ban yarda ba, na tsallaka zuwa rumfa na tsuguna gaban Baba. Na ce, "Baba, an kawo riga." Ya dubi carbinsa ya ce, "A auna da ƙaninka." Na ce, "Baba, saƙi ce, in an taɓa ta ba ta komawa." Ya ce, "Na sani." Shi ke nan maganar. Ya ci gaba da jan carbi, ni kuwa na tashi da baya da baya.

Na dawo na zura wa auta rigar. Wayyo! Ta zubo masa har ƙasa ta kwanta, hannuwan sun rufe yatsunsa, ya zama kamar an kifa kwando a kan kaza. Na durƙusa gabansa da metir ɗin awo a wuya da allurai a baki, ni babba, ina kama masa gindin riga. Ya ce, "Yaya, a ɗan ƙara ridiyus ta gaba, kada a taka." Na zare allura daga bakina na ce, "Ka ƙara faɗin kalmar nan a shagona, wallahi sai na ɗinke maka leɓe." Na ci gaba da awo. Abin da za a cire ya kai taƙi guda, har da ɗan ɗori.

Ban yanke ba. Kowane tela ya san dabarar: ka farke shafin, ka kalmashe abin da ya yi yawa ya koma ciki, ka maida shafin ya rufe. Daga waje ba mai ganewa, kuma duk ranar da aka so sai a saki tsawon ya dawo. Na yi aikin da hannu, a hankali, ina ce wa raina ai aro ne. Yaro zai sa ta ya yi surutunsa gaban ɗan takara, a tafa masa, a maida ta akwati, ni kuwa taƙina na nan a ɓoye yana jirana. Na naɗe na aika.

Kafin azahar sai ga rigar ta dawo. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, bai ma shigo ba. Ya ce, "Baba ya shafa gindin. Ya ce ta yi nauyi, tana dukan ƙafa. Ya ce a yanke."

Na ce, "Ƙafar wa take duka? Kai da ko tafiya ba ka yi da ita ba?"

Ya ce, "Haka dai ya ce, Yaya."

A nan na gane, ko in ce na ɗauka na gane. Ba aro ba ne. Baba ya san hannuna, ya san abin da na ɓoye da dalilin ɓoyewar, kuma yana so a rufe ƙofar gaba ɗaya. Da bakinsa ba zai iya ce mini rigar ba tawa ba ce, sai ya sa almakashina ya faɗa. Na ce wa auta ya tafi. Na saki labulen shago da rana tsaka, na farke ɗinkin da na yi, na shimfiɗa rigar, na ja layi da alli. Saƙi tana da tauri, almakashi yana shiga yana ƙara, zaren yana zuba a ƙafata. Ina yanka ina zagi a zuci, na zagi Legas, na zagi Ingilishi, na zagi ɗan takara da fuskarsa mai kumatu. Hawaye ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma aikin na yi shi da kyau, don ko ina fushi ba na iya mugun ɗinki. Na maida jan shafin ya zauna lafiya lau, na jefa abin da na yanke a aljihun keke.

Kwanakin da suka biyo ban je rumfa ba sai gaisuwar safe, ita ma a taƙaice. Auta in ya gaishe ni sai in amsa da hanci. Inna ta aiko a tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa.

Ranar ta zo. Tun da safe layinmu ya cika, an kafa rumfuna, an jera kujerun haya, 'yan zemijan sun yi dafifi suna ta hon, mata sun sha anko. Na ce ba zan fita ba. Na zauna a shago ina ɗinkin da ba na gaggawa ba, amma idona na kan ƙofar gidanmu, ina jiran in ga guntun nan ya fito yana jan rigar kakanmu, in ƙoshi da baƙin ciki in huta.

Sai ga shi ya fito. Atamfar jam'iyya ce a jikinsa, wadda ni na ɗinka, fuskar ɗan takara ɗaya a ciki ɗaya a baya. Ya tsaya ya riƙe ƙyauren, ya miƙa hannu ciki. Baba ya fito dafe da hannun, sanye da saƙi.

Ban san sanda na miƙe ba. Na fito bakin shago da almakashi a hannu. Suka taho a hankali ta gabana, don nan ce hanya, rigar ta sauka daidai idon sawun Baba, jan shafin yana leƙowa yadda ya saba. Daidai take, ko yatsa ba ta wuce ba. Kafaɗarsa da ta auta suna tafiya a layi ɗaya. Suka iso inda nake, ni kuwa na manta ban tsuguna ba, karo na farko a rayuwata. Ina tsaye, sai na ga ina kallon saman hular Baba. Na ga inda zaren hular ya fara sakewa a tsakiya. Na ga wuyansa ya yi siriri cikin wuyan rigar, bayansa ya ranƙwafa, kunnuwansa sun yi masa girma. Yaushe? Mutumin da ake hangowa saman ƙahonin shanu, yau iyakarsa kafaɗata.

Ya ɗago ya dube ni, dole sai da ya ɗaga kai kafin ya ga fuskata. Na zube ƙasa da sauri, har gwiwata ta bugi dakali. Baba ya juya wajen auta ya ce, "Ka ce wa mai keke ta yi daidai." Suka wuce.

Ban ji ko kalma ɗaya daga jawabin auta ba, ko da yake an ce ya yi ƙoƙari, har da Ingilishinsa ya jefa musu aka yi shewa. Da taro ya watse na tare shi bayan shago, na kama hannun atamfarsa. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce tun ƙaramar Sallah. Ya ce suna saukowa daga matakalar masallaci Baba ya taka gindin rigar ya kife, goshinsa ya daki ƙasa, shi ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa, ya ja shi gefe kafin mutane su taru. Na tuna kumburin nan na goshi. An ce mana ƙofar ɗaki ce ta buge shi, har na sa aka kira kafinta ya duba ta.

Na ce, "Shi ne ba ka faɗa mini ba? Ni fa tela ne. Da na zo na auna shi da kaina, wa zai ji?"

Ya ce, "Ya hana. Ya ce ko Inna kada ta ji, balle kai."

Na ce, "Balle ni? Me na yi masa?"

Auta ya sunkuyar da kai, babu Ingilishi ranar. Ya ce, "Yaya, ya ce duk garin nan kai kaɗai ne har yanzu kake ganinsa da tsawonsa. Ya ce a bar masa kai a haka."

Na sake shi. Na koma shago na zauna gaban keke, ban taka ba.

Washegari na je gaisuwa na tsuguna yadda na saba, na ma ƙara yin ƙasa. Baba ya dubi carbinsa ya amsa. Daga inda nake, in na saci kallo, dogo ne kamar kullum. Haka muka ci gaba, ban sake tsayawa kusa da shi ba, bai sake ɗaga kai don ya dube ni ba. Ya sa rigar a Sallolin da suka rage masa bai ƙara tuntuɓe ba. Bayan la'asar kuwa suna nan a benci shi da auta, ana ta ridiyus, ni ina taka keke.

Da Allah ya karɓi abinsa aka zo rabon tufafi, ba a ma yi shawara ba. Kawunmu ya ɗaga saƙin ya dube ni, ya dubi auta, ya miƙa masa. Wa za ta shiga in ba shi ba? Ni na auna, ni na yanke. Har yau auta yana sa ta ranar Idi, ya yi furfura ya yi tumbi, yana tafe jan shafin na leƙowa, kuma har gobe ni yake kawo wa in wanke in zuba kanumfari. Taƙin da na cire yana nan a aljihun keke, matata ta sha cewa in yi hula da shi, na ƙi.

Mutane suna ɗauka rigar nake wa kishi, shi ya sa nake ɗaure fuska in na gan shi cikinta. Na bar su a haka. Rigar kam na haƙura da ita tuntuni. Abin da ban haƙura da shi ba, kuma ban ga ranar haƙura ba, shi ne matakalar masallacin nan. Mahaifina ya faɗi ƙasa, ina can bakin ƙofa ina neman takalmina, guntun nan ne ya sa hannu biyu ya ɗaga shi.